Ƙofar Magajiya Rakiya

A bayan Jikwoyi, in ka saki titin Karshi ka gangara ta gaban masu walda, akwai wata unguwa da ake ce wa Tudun Gawasa. Tudun ba wani tudu ba ne, gawasar kuma an sare ta tun lokacin da aka fara yanka filaye, amma sunan ya zauna. Mazauna wurin yawancinsu 'yan cirani ne waɗanda ciranin ya ƙi ƙare musu. Ga Katsinawa da Zagezagi da Kanawa, ga Tibi da Ibo, ga Gbagyi masu ƙasar. Da asuba su cika motoci su tafi cikin gari su yi wa Abuja hidima, da magariba Abuja ta tofo su su dawo.

Hajiya Rakiya 'yar Daura ce. Mijinta Sadisu, direban tifa, shi ya kawo ta unguwar tun wurin yana daji, ya gina mata ɗaki biyu da zaure, ya rasu ya bar ta a ciki. Tana da shagon atamfa a Kasuwar Wuse, amma ba a shagon aka san ta ba. In naƙuda ta tashi, ƙofarta ake bugawa. In mace ta rasu, ita ke wanka. In miji da mata suka kai inda ba sa jin juna, ita ke zaunar da su ta wanke su tas su biyun, su tashi suna godiya. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma rabin yaran unguwar ita ta yanke musu cibiya.

Sarkin Zangon unguwar kuwa, Ɗangoggo, a hannunta ya zama mutum. Ya zo Abuja yana tura kurar ruwa, ya yi shekaru yana kwana a zauren Sadisu, yana cin tuwon Rakiya, yana ce mata Yaya. Daga baya ya gane cewa a garin nan, wanda ya san inda fili yake, ya kuma san mai filin ba ya kusa, ba ya daɗewa yana tura kura. Ya zama dillalin filaye, ya yi kuɗi, ya ajiye tumbi. Da tsohon Sarkin Zango ya rasu aka naɗa shi. Sai ya gina fada mai tayil, ya shiga rabon sarauta kamar mai rabon goro a wurin suna. Wannan Waziri, wancan Galadima, Alhaji Maitama mai gine-gine shi ne Garkuwa. Rannan ya aiko wa Rakiya cewa zai naɗa ta Magajiya.

Da farko ƙi ta yi. Ta san abin da bakin 'yan tasha ke nufi in sun ce magajiya, ita kuwa da furfurarta ba za a haɗa sunanta da gidan mata masu zaman kansu ba. Sai Ɗangoggo ya turo mata Malam Zaid, wani mai gilashi da ke aiki a ɗaya daga cikin ma'aikatun gwamnati na cikin gari, wanda aka ɗora wa jawabin ranar naɗi. Ya zauna a zaurenta ya lallashe ta, ya ce sunan ya girmi tasha da 'yan tasha. Ya kuma tambaye ta ita me ta sani game da sarautar, tunda daga Daura take. Ta ce ita dai abin da kakarta ke faɗa musu ne suna yara. Wai a da, macen da ta shiga uku, ko ita ta yi laifi ko ita aka yi wa, in ta samu ta kai gidan Magajiya ta cire kallabinta ta ajiye a gabanta, shi ke nan, ko dogarin sarki sai dai ya tsaya a ƙofa. Ba a fitar da ita sai an zauna an ji ta bakinta. Malam Zaid ya gyaɗa kai, ya sha ruwa, ya yi sallama.

Ranar naɗi aka kafa rumfuna aka jera kujerun roba, janareta na ta gunji a bayan masallaci. Malam Zaid ya karɓi lasifika, ya gyara gilashi.

"Jama'a, wannan suna ba na wasa ba ne, mu ne muka ɓata shi. Magajiya daga gado take, wato wadda ta gaji gida. A Daura, kamar yadda labari ya zo, mata ne suka riƙe gari da wannan suna tun kafin mulki ya koma hannun maza. Ko da ya koma ɗin, ba a ture Magajiya gefe ba. Ita ce babbar mace a gidan sarauta, ita ce uwar matan gari, sarki na jin maganarta. Gidanta kuma mafaka ne. Wadda ta shige shi ta tsira, har sai an zauna an ji ta bakinta."

Rakiya na zaune an yafa mata alkyabba, gumi na bin gadon bayanta. Ashe tsohuwar nan ba tatsuniya take yi musu ba. Ga mai ilimi, da gilashi da takardu a hannu, ya faɗi abin da ta faɗa kusan kalma da kalma. Ɗangoggo ya karɓi lasifikar ya ɗora nasa.

"Kun dai ji. Daga yau duk macen da ta shiga gidan Magajiya, ba mai taɓa ta sai an zauna. Ni na faɗa."

Aka yi guɗa, aka raba shinkafa a robobi. Waɗanda suka saba da irin wannan taro sun san magana ce ta ranar biki, tare da kujerun roba ake kwashe ta. Rakiya kuwa ɗaukar ta ta yi ta tafi da ita gida.

Abin mamaki, sai abin ya kama. Wata 'yar aiki da uwar ɗakinta ta ce ta sace waya ta gudo ta jefar da ɗankwali a gaban Rakiya, aka zauna, aka tsinci wayar a ƙarƙashin kujerar mota. Matar wani mai gadi da ke jibgarta ta yi 'yan kwanaki a gidan, mijin ya zo har ƙofa da bel a hannu, ya tsaya, ya kasa shiga, shi kansa bai san me ya riƙe masa ƙafa ba. Har matan da ba Hausawa ba suka koyi cire ɗankwali. Ɗangoggo in ya ji labari sai ya yi murmushi ya ce Magajiyarsa na aiki. Duk waɗannan rigingimun ba wanda ya taɓa aljihun wani babba, shi ya sa kowa ya bar ta da ƙofarta.

A bakin hanyar shiga unguwar akwai wani fili da mata ke da rumfunan abinci, mai masa, mai ƙosai, mai shinkafa da wake. Alhaji Maitama ya sayi filin zai gina shaguna, Ɗangoggo ne dillali. An ce wa matan su tashi, suka roƙa a bar su zuwa bayan salla, aka ce an bar su. Sai ga shi wata safiyar Talata, salla ba ta zo ba, Mubarak ɗan Maitama ya iso da leburori a bayan a-kori-kura, suka hau ɓamɓare kwano da tumɓuke sanduna, mutane na tsakar karin kumallo.

Murja mai ƙosai bazawara ce 'yar Zariya, 'yarta ɗaya tal, Yusra, wadda ba ta kai shekara goma ba. Yarinyar na zaune a ƙarƙashin rumfa tana ƙulla yaji a leda lokacin da Mubarak ya kama sandar rumfar da kansa ya girgiza. Abin da ya biyo baya, har yau bakin unguwa biyu ne. Wasu sun ce Murja ta ɗebo mai da ludayi ta watsa masa. Wasu sun ce tsalle ta yi ta janye 'yarta, ƙafarta ta ture kaskon. Abin da kowa ya yarda da shi, man ya samu Mubarak daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, kuma kafin ihunsa ya sauka Murja ta ja Yusra sun bi lungu.

Rakiya na shirin fita kasuwa ta ji an banko ƙofa. Murja ta zube a gabanta, ta fizge ɗankwalinta ta ajiye mata a ƙafa. Rakiya ta dubi ɗankwalin, ta dubi yarinyar da yaji ya rina wa hannu, ta sauke jakarta.

"Ku shiga ɗaki. Akwai ruwa a randa."

Ba a jima ba yaran Maitama suka cika lungun, wasu da gora. Ta fito ta tsaya a bakin zaure, hannu a ƙugu. Wani dogo a cikinsu ya matso.

"Hajiya, fito mana da ita."

"Wace ce Hajiya?"

"To, Magajiya. Fito mana da ita."

"Kai ba ɗan Mato mai shayi ba ne? Ni na yanke maka cibiya, kuma tun ranar bakinka ya fi ka girma. Je ka gaya wa Garkuwa ina yi masa jaje, Allah ya ba yaro lafiya. Mace tana gidana. In an sa ranar zama, a aiko."

Suka yi ta cika baki suna buga gora a ƙasa, amma ba wanda ya haye dokin ƙofar. Da rana ta yi zafi suka watse.

Katanga ɗaya ce tsakanin Rakiya da Mama Abednego, wata Batibiya mai sayar da doya, wadda ɗanta Abednego ke tuƙa tasi mai kore da fari. Sun yi shekaru suna miƙa wa juna gishiri da garwashi ta saman katangar. Ranar kuwa zagayowa ta yi ta shigo, ta ja Rakiya gefe, ta rage murya da Hausarta ta kasuwa.

"Magajiya, ka ji ni da kyau. Wannan ba maganar waya ba ne, ba maganar miji da mata ba ne. Ɗan oga ne ya ƙone. Abednego yana nan, mota yana da mai. Mu sa shi a baya da yarinya, ya kai su Doma wurin sista na. In wuta ya mutu, su dawo."

"Mama Abednego, in na fitar da ita ta bayan gida, na ce ta yi laifi ke nan tun ba a ji ta bakinta ba. Kuma gobe wa zai tsaya a ƙofar nan? Cewa za a yi gidan Magajiya tasha ne, a shiga ta gaba a fice ta baya."

"Tasha ya fi kurkuku."

"Ba inda za ta. Sarki da bakinsa ya faɗa a gaban jama'a."

"Wane sarki? Ɗangoggo mai ruwa? Wanda ya ari jarka na tun yana tura kura, har yau bai kawo ba?"

Rakiya ta yi dariya duk da halin da ake ciki, amma ba ta sauya ba. Murja, da ta ji komai daga bakin labule, ta leƙo.

"Magajiya, ko in bi su?"

"Kin ajiye ɗankwali ko ba ki ajiye ba?"

"Na ajiye."

"To ki bar mini sauran."

Kashegari da hantsi sai ga Ɗangoggo shi kaɗai, ba rawani ba fadawa, daga shi sai jallabiya da silifa. Ya yi sallama ya zauna a kan tabarma daidai kusurwar da yake kwana a da, ya tambaya ko akwai ɗumame. Ta kawo masa. Ya wanke hannu ya kai loma.

"Yaya, har yanzu ba wadda ta iya miyar kuka irin taki a garin nan."

"Ranka ya daɗe, ba kuka ce ta kawo ka ba."

"Daga asibiti nake. Yaron da sauƙi, fatar sama ce. Na yi ta fama da Garkuwa har ya sauko. Abin da yake so kaɗan ne. Ta zo fada ta durƙusa ta ba da haƙuri a gaban dattawa, a ji ta bakinta, a shafa fatiha. Shi ke nan, an wuce wurin."

"A yi zaman a nan. Zaurena zai ɗauki dattawa."

"Haba Yaya. Mutumin da aka ƙona wa ɗa, kuma a ce shi zai tako? Ki bar masa wannan ɗan girman. Gobe bayan la'asar, ke za ki kawo ta da hannunki, ke za ki mayar da ita."

"'Yan sanda fa?"

Ya mayar da lomar cikin kwano, ya dube ta kamar wadda ta mare shi.

"Babu ɗan sanda a maganar nan. Ni zan zauna a zauren Sadisu, ina cin tuwonki, in yi miki ƙarya?"

Kunya ta kama Rakiya. Ta tashi ta ƙara masa miya.

Ranar Alhamis tun azahar Murja ke shiga banɗaki tana fitowa. Ta ce jikinta bai ba ta ba. Rakiya ta ce tsoro ne kawai, kuma tsoron ma zai yi amfani, don dattawa sun fi jin tausayin wanda muryarsa ke rawa. Ta ba ta hijabi mai kyau, ita kuma ta ciro alkyabbarta daga ƙasan akwati. Aka miƙa Yusra gidan Mama Abednego ta jira a dawo. Matar ta karɓi hannun yarinyar ta shige da ita.

Akwai lungu da ke ɓullewa bayan fada, amma Rakiya da gangan ta bi babbar hanya, hannunta riƙe da na Murja. So take matan unguwa su gani, su san yadda ake yi. Sun kuwa gani. Masu tallar ruwan leda, masu kitso a ƙofar gida, matan da aka rushe wa rumfuna suna zaune a kan bencinansu a fili, duk suka bi su da ido, wasu na cewa Allah ya sa a dace.

A fada an shimfiɗa darduma, fanka na juyawa. Ɗangoggo na kan kujera da rawani, Waziri da Galadima a gefe. Maitama bai zo ba. Rakiya ta lura da haka, ta kuma lura da wasu mutum biyu da ba ta sani ba a cikin dattawan, masu ƙananan kaya da takalma sau-ciki da ba su cire ba. Kafin zuciyarta ta gama haɗa lissafin, Murja ta durƙusa ta fara, "Ranka ya daɗe, ni dai yarinyata na hango," sai labulen ɗakin ciki ya motsa, wata 'yar sanda ta fito. Mutum biyun suka miƙe.

Rakiya ta damƙe wuyan hannun Murja. Ta dubi Ɗangoggo. Shi kuwa wayarsa yake dubawa, yana matsa ta da babban yatsa kamar an aiko masa da wani abu mai muhimmanci.

"Mama, don Allah sake ta," in ji 'yar sandar, da ladabinta. "Takarda muke da ita. Kada ki ja wa kanki."

"Ba a zauna ba. Ba a ji ta bakinta ba."

"Za ta faɗa a ofis, Mama."

Aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Murja ba ta yi kuka ba, ba ta yi kokawa ba. A bakin ƙofa ta waigo ta ce, "Magajiya?" Daga nan aka sa ta a motar da ke ɓoye a bayan fada, a cikin lungun nan da Rakiya ta ƙi bi.

"Ɗangoggo," in ji Rakiya.

Waziri ya zabura. "Magajiya, gaban Sarki kike."

Ɗangoggo ya ɗaga masa hannu, ya yi wa dattawan alama su ba su wuri. Da suka fita ya ajiye wayar.

"Yaya, ki zauna."

"Ka ci tuwona."

"Na ci, kuma in kin ba ni gobe zan ci. Ki saurare ni. Maitama ya kai ƙara tun ranar Talata. Da cewa aka yi za su zo gidanki su ɓalle ƙofa su jawo ta, yara na ɗauka a waya duniya ta gani. Ni na hana. Na ce a bar ni in fito da ita cikin mutunci. Ƙofarki na tsare miki."

"Da ni ka fito da ita."

"To da wa zan fito da ita? Wa take ji in ba ke ba? Ai amfanin Magajiya ke nan. Kina tsammanin sarakunan zamanin da, don Allah suke ajiye Magajiya? Akwai inda dogari ba ya shiga. Sarki na bukatar macen da mata suka yarda da ita, in ya neme su ta kawo su. Kin ji Zaid ya ce gado, to gadon wa? Gadon gidan sarki. Sarauta ta mai naɗawa ce, Yaya, kuma ni na naɗa ki."

"Ba haka ka faɗa a lasifika ba."

"Lasifikar nan hayarta aka yi."

Ta tsaya tana kallonsa, tana neman yaron nan mai tsagaggen diddige da ta taɓa jiƙa wa magani da zazzaɓi ya kwantar da shi. Fuskar tana nan, tumbi ne kawai ya ƙaru da rawani. Ta juya ta fita. A hanya matan da suka raka su da addu'a suna nan inda ta bar su, sun ga motar ta wuce. Ba wadda ta zage ta. Masu kitso suka sunkuyar da kai a kan kitsonsu.

Da safe ta shiga tasi zuwa cikin gari, ta yi zaman jira a ma'aikatar su Malam Zaid har aka kai ta ofishinsa. Ya sa aka kawo mata shayi. Ta ba shi labari, ta ce abin da take so shi ne ya zo ya tsaya a gaban Sarki da dattawa ya karanta musu abin da littafi ya ce game da gidan Magajiya, su san abin da suka taka. Malam Zaid ya cire gilashi ya daɗe yana goge shi.

"Hajiya, maganar gado da maganar Daura, waɗannan suna rubuce. Amma maganar mafaka ban gan ta a inda na duba ba. Ban ce ba a yi ba, wataƙila an yi a wani gari a wani zamani. Ni dai daga bakinki na ji ta, ranar da na zo gidanki. Ta yi mini daɗi, na ga za ta ƙawata jawabin, sai na sa."

Shayin ya huce a gabanta. Ashe maganar kakarta ce ta fita daga bakinta, ta zaga ta cikin lasifika, ta dawo mata da gilashi. A kan wannan ta tsaya wa masu gora, a kan wannan ta hana Murja shiga mota. Malam Zaid ya ba ta lambar wata lauya, Barista Rukayyat, mai taimakon mata, ya raka ta har bakin matakala. Lauyar ta yi iya ƙoƙarinta. Kotu ta ba da beli da sharaɗin a kawo babban ma'aikacin gwamnati mai gida a cikin gari ya tsaya mata. Rakiya ta nemi Malam Zaid ya tsaya, tun daga ranar wayarsa ta daina shiga, belin ya bi ruwa.

'Yan unguwa na ta cewa an kai Murja gidan yarin Kuje, amma Suleja aka kai ta, can ake ajiye mata. Rakiya ta jira ranar ziyara ta dafa shinkafa da miyar kifi ta zuba a kula, ta sa hijabin da take zuwa kasuwa da shi, ta yi mota uku kafin ta isa. Aka bincike kular, aka sa ta ɗanɗana abincin, aka zaunar da ita a benci. Murja ta fito ta rame, idanunta sun faɗa. Ta zauna a ɗaya gefen, ta gaishe ta kamar yadda ake gaida manya.

"Yusra fa?"

"Lafiyarta lau. Tana gidana, tana cin abinci, tana zuwa Islamiyya. Ta ce in gaishe ki."

Murja ta dubi kular, sannan ta ɗago.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, Magajiya. Kin sani?"

"Wallahi ban sani ba."

"Na yarda. Tun a fadar na yarda, na ga fuskarki." Ta goge hanci da gefen hijabi. "Da kin sani ma da ya fi mini sauƙi. Sai in ce an saye ki, in tsine miki in huta. Amma ba sayen ki aka yi ba, yarda kika yi. In aka sake zuwa aka ci miki tuwo, za ki sake yarda."

"Ba zan sake ba, Murja."

"Haka kike gani. Dangin uban Yusra sun daɗe suna neman hanyar karɓe ta. Yanzu za su ji ina nan, za su zo. Ba gidanki za su fara zuwa ba, fada za su fara. Daga nan Sarki ya zo miki da jallabiya, ya ce gaisawa kawai za su yi da yarinya." Ta ɗago ta dube ta sosai. "Ki kai ta wurin Mama Abednego."

"Murja, gidana fa? Yarinya Musulma, ga salla, ga karatu."

"Ta san hanyar Islamiyya da ƙafarta. Mama Abednego ba ta da sarauta. Ba wanda zai zauna mata a zaure ya ce ta fito da 'yata cikin mutunci. In ta ga abin ya ɓaci, mota za ta sa ta."

Ma'aikaciyar da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce lokaci ya yi. Murja ta ɗauki kular ta rungume, ta ce an gode da abinci, ta shige.

Ana dab da magariba Rakiya ta iso gida. Ta tarar da Yusra ta share tsakar gida ta hura gawayi, tana jiran a gaya mata abin da za a dafa. Rakiya ta zauna a bakin gado ta ninke kayan yarinyar ɗaya bayan ɗaya, da kayan makaranta, da allonta, da takalmin da ta saya mata a Wuse satin da ya wuce, ta zuba a jaka. Ta ce Ummanta na gaishe ta, kuma ta ce Yusra ta koma gidan Mama Abednego da zama.

"Na yi laifi ne, Magajiya?"

"Ba ki yi komai ba. Ɗauki allonki."

Suka fita ta zaure suka zagaya. Mama Abednego na tsugune tana feraye doya. Ta dubi jakar, ta dubi Rakiya, ta goge hannu a zani ta karɓa. Ba ta tambayi komai ba, ba ta kuma ce ai na gaya miki ba.

"Shigo, 'yar gida. Ka wanke hannu, sakwara za mu ci."

Yusra ta tsaya a bakin ƙofa ta waigo.

"Gobe in zo in share miki tsakar gida?"

"Ki tambayi Mama," in ji Rakiya.

Mama Abednego ta ja yarinyar ciki, ta turo ƙofar langa-langa. Rakiya na tsaye a lungun ta ji an zura sakata.